Ƙafar da Ta Ƙi Ɗingishi a Gaban Hafsa

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na buɗe wannan kundi ne domin amfanin masu bincike na gaba, waɗanda babu shakka za su buƙaci sanin yadda wani matashi mai digiri a fannin gudanar da mulki ya tunkari ruɓaɓɓen tsarin hukuma shi kaɗai, ya kuma durƙusar da shi. Ba zan ambaci sunana ba, saboda tawali'u.

Ga taƙaitaccen bayanin dambarwar. Mahaifina saje ne mai ritaya. Ya shekara ashirin da shida a aikin soja, ya fito da lambobin yabo uku da gwiwar hagu wadda ta daina lanƙwasuwa. Saboda gwiwar nan ake ƙara masa fanshon nakasa, kuma da shi ake sayen maganinsa, da shi tukunyar gidan nan take tafasa. Yau da safe takarda ta iso daga hukumar fansho: likitan da ya duba shi makon jiya "bai ga alamar nakasa ba". Za a yanke fanshon daga ƙarshen wata, sai fa idan kwamitin ɗaukaka ƙara ya ga akasin haka nan da mako uku. Bayan kwamitin nan kuwa babu sauran ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Na karanta wa jama'ar gida takardar da murya mai nauyi. Da na kammala, Mama ta ce, "To wai shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa kiransa a sake duba shi. Me ya tuna musu da shi yanzu?"

Na bayyana mata cewa wannan tambaya ba ta cikin ajandar zamanmu.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na gudanar da binciken farko. Na zaunar da Baba a falo, na nemi ya zayyana mini abin da ya wakana tsakaninsa da likitan, daki-daki.

"Manjo ne," in ji shi. "Na shiga, na ƙame, na sara masa. Ya ce in yi tafiya. Na yi."

"Wace irin tafiya, Baba?"

"Wace iri kuwa ake yi a gaban manjo?"

"Sandarka fa?"

"Na bar ta wurin mai gadi. Ka taɓa ganin soja ya shiga ofishin hafsa da sanda kamar ya zo kiwo?"

"Bai tambaye ka ko akwai ciwo ba?"

"Ya tambaya. Na ce babu."

"Baba, amma ai akwai!"

"Farfesa, ba kai aka tambaya ba."

Haka yake kirana. Na ɗauki laƙabin a matsayin hasashe, ba zolaya ba.

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Faɗa masa sauran mana, Saje. Faɗa masa kwana biyu ka yi a kwance bayan faretin naka, ina gasa maka gwiwa kamar mai jego."

Baba ya ƙara ƙarar rediyo.

Alal haƙiƙa na gano bakin zaren. Mahaifina yana ɗingishi a gida, yana ɗingishi a kasuwa, yana ɗingishi a gaban kowane farar hula. Amma da zarar idonsa ya sauka a kan tauraro a kafaɗar mutum, sai ƙafar ta manta cewa ta lalace. Na raɗa wa cutar suna: rinjayen tarbiyyar bariki a kan gaskiyar gaɓoɓi. Aikina shi ne in koya wa gurgu ɗingishi cikin kwana ashirin da ɗaya.

Talata, tsakar rana

Kamfanoni goma sha huɗu suna ci gaba da nazarin takarduna na neman aiki. Ban ga laifinsu ba. Takardun suna da zurfi.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Zaman atisaye na farko. Na jawo teburin cin abinci tsakiyar falo, na zauna a bayansa a matsayin shugaban kwamiti. Baba ya shigo da sandarsa, yana jan ƙafa yadda ya saba, ya zauna tun ban ba shi izini ba, ya kuma shanye shayina.

Na nuna masa cewa ya yi daidai ƙwarai, haka nake so ya yi ranar.

"Ai a gabanka ne," ya ce. "Kai ko ɗaurin takalmi ba ka iya ba."

Muna cikin haka Kofur Rediyo ya iso. Tsohon abokin aikin Baba ne, kuma ana kiransa Rediyo ne domin ana jin sallamarsa tun daga bakin titi. Kunnensa na dama ya mutu rana ɗaya da gwiwar Baba, a wata gada da ba a ambatonta a gidan nan. Na nemi ya ba mu sirrin da ya yi amfani da shi har kwamiti ya amince da tasa nakasar.

"EH?"

Na maimaita.

"SAU TARA SUKA TAMBAYE NI, SAU TARA NA CE EH!"

Na yaba masa da wannan dabara mai cike da hikima.

"WACE DABARA? BAN JI BA NE!"

Sannan ya juya ga Baba: "SAJE, KA GAYA MUSU YADDA KA GOYA NI DAGA GADAR NAN MANA, DA ƘAFAR TANA..."

"Kofur."

Kalma ɗaya, a hankali. Wannan kam ya ji ta.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na yi wani gwaji na kimiyya wanda tarihi zai fi fahimtarsa fiye da mutanen gidanmu. Tun da tauraro ne ke warkar da ƙafar, sai na ga ya dace a saba mata da tauraro sannu a hankali. Na ciro tsohuwar rigar kakin Baba daga akwati, na maƙala murafun kwalba uku a kowace kafaɗa, na zauna a bayan tebur.

Ya shigo. Ya tsaya. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Cire."

"Baba, wannan kwaikwayo ne na ilimi, bisa ƙa'idar..."

"Ɗaya."

Ban jira biyu ba. Ina so a rubuta cewa ba gudu na yi ba, janyewa na yi domin sake tsari.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Mun je hukumar fansho domin miƙa fom ɗin ɗaukaka ƙara. Zaure ne dogo mai bencina shida da fanka guda wadda ke juyawa kamar ita ma ta yi ritaya. Tsofaffi sun kai hamsin, wani da sanda, wani da hannun riga a naɗe an soke shi da fil, kowa rungume da fayil a cikin leda. Na yi wa na kusa da ni bayani kan gurguncewar tsarin gudanarwa. Ya ce in matsa, na zauna masa a kan hula.

Da layi ya zo kanmu, akawun ya jawo fayil ɗin Baba, ya buɗe, sai fuskarsa ta washe.

"Au! Ku ne masu wasiƙar!"

Na ce masa lokacinmu ƙalilan ne.

"Shafi goma sha ɗaya! Wallahi duk ofishin nan mun karanta. Kai, zo ka ga masu wasiƙar neman ƙari!" Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na bakwai, ya miƙe tsaye ya karanta wa zaure duka: "'Duk da wannan rauni, mahaifina jarumi ne wanda har gobe yake tsaye ƙyam kamar tsauni, kuma da ƙasa za ta sake kiransa fagen daga, da shi ne na farkon isa, a guje.' A guje fa! Da shugabanmu ya zo nan, sai ya ce, to a kira tsaunin a duba shi."

Zauren ya kaure da dariya. Wani tsoho har da buga sanda a ƙasa.

Ba zan tsaya tattauna wanda ya rubuta wasiƙar ba. Abin da zan ce kawai shi ne, azanci ba laifi ba ne, kuma wanda bai san bambancin adon magana da rahoton asibiti ba bai cancanci kujerar shugabanci ba.

Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya gyaɗa kai ya ce wa akawun, "Wannan wurin gaskiya ne."

Muna fita, wani laftanan ya ratso farfajiya, saurayi wanda na tabbata na girme shi. Sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Kafin in waiga, Baba ya miƙe sambal, ƙirji a gaba, ya yi taku shida kamar an auna da ma'auni, ya sara. Laftanan ɗin bai ma lura ba, waya yake latsawa.

Ni na ɗauko sandar. Mun daɗe a tashar mota. Sai gumi yake yi.

Talata, safe

Baba bai fito falo ba. Mama ta dafa ruwa sau uku.

Laraba, safe

Haka nan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Mama ta same ni ina rubutu. Ta ce, "Tun ranar farko na san kai ne. Wa zai cika shafi goma sha ɗaya a gidan nan in ba kai ba?"

Na fara yi mata bayanin kyakkyawar niyya.

"Bai ko karanta ba ya sa hannu," ta ce. "Na ce Saje ka duba mana, ya ce me zai duba, ɗansa mai digiri ne."

Ta fita. Ban ci gaba da rubutun ba, saboda biro ya fara ba ni matsala.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An aike ni wurin mai gyaran takalmi da warin takalmin Baba na hagu. Na nuna wa Mama cewa wannan aiki bai dace da matakin karatuna ba. Ta ce matakin karatuna zai iya biyowa ta wurin mai kayan miya a hanyar dawowa.

Mai gyaran yana zaune a ƙarƙashin wata rumfar kwano, da guntayen taya a gabansa. Ya karɓi takalmin bai ko ɗaga kai ba.

"Na Saje ne. Wata biyu ke nan cif. Ka ga nan?" Ya nuna gefen ciki, inda ya cinye har ya zama kamar bakin wuƙa. "Ƙafar nan ba takawa take ba, shara take yi. Duk abin da na liƙa sai ta cinye. Na daman kuwa ban taɓa ganinsa ba, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Na ce masa abin da yake bayyanawa a ilmance shi ake kira rashin daidaiton rabon nauyi.

"To," ya ce. "Riƙe mini ƙusa."

Na koma gida na fara rubuta daftarin kariya da zan gabatar wa kwamiti. Na kai shafi na shida. Babu tsauni a ciki.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

An yi muhawara. Na shaida wa Baba, cikin ladabi amma da ƙwaƙƙwarar hujja, cewa abin da yake yi girman kai ne, kuma girman kan nan zai bar gidan nan ba magani ba cefane.



"Shekara ashirin da shida," ya ce, "ban taɓa ce wa na gaba da ni ba zan iya ba. Ko ranar gadar nan. Aka ce Saje, za ka iya kai su? Na ce zan iya. Yanzu kana so in je in tsaya gaban kanar ina jan ƙafa ina marairaicewa, don a ba ni abin sayen ƙwaya?"

"Ba roƙo ba ne, Baba, haƙƙi ne. Sashe na huɗu, ƙaramin sashe na..."

"Wai kai a gidan wa kake cin abinci?"

Na ɗauki wannan a matsayin kauce wa maudu'i.

Litinin

Baba bai yi mini magana ba. Shafi na goma sha biyu.

Talata

Ɗaya daga cikin kamfanonin ya amsa. Ba su fahimci takarduna ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Kofur Rediyo ya kawo shawara cewa a saka tsakuwa a cikin takalmin Baba ranar kwamiti. Baba ya ce ya taɓa yin faretin awa uku da ƙusa a tafin ƙafa. Aka janye shawarar.

 Mama tana cikin ɗaki tana jawo wani abu daga ƙarƙashin gado.

Shafi goma sha tara. Na kammala. Na karanta wa madubi, kuma ya gamsu.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Yau ne. Baba ya goge takalmin faretinsa har ina ganin fuskata a ciki, wanda a nazarina mummunar alama ce. Mama ta ce za ta bi mu, ta kuma fito da wani tsohon buhu a ɗaure. Na roƙe ta ta bar shi, domin zai rage wa tawagarmu kwarjini. Ta ɗora mini shi a ka.

Litinin, ƙarfe takwas na dare

Zan rubuta abin da ya faru bi da bi.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. Na tsakiya kanar ne, likita, mai furfura da tabarau a kan karan hanci. Baba ya jingine sandarsa a bakin ƙofa tun kafin in hana shi. Ya shiga: hagu, dama, hagu, dama, ƙasa tana amsawa. Ya ƙame. Ya sara. Da ni ne kwamitin, da a take na mayar da shi bakin aiki.

Na miƙe na ce, "Ya mai girma shugaba, bisa la'akari da tanade-tanaden..."

"Wane ne wannan?"

"Ɗana ne, yallaɓai. Farar hula ne."

"Zauna, farar hula. Saje, ina ke maka ciwo?"

"Babu, yallaɓai!"

Kanar ya ɗauki biro. Na ga fanshon yana fita ta taga.

Sai Mama ta tashi. Ba ta nemi izini ba, ba ta kafa hujja da wani sashe ba. Ta kwance bakin buhun ta zazzage shi a gaban teburin. Takalma ne. Ƙafa bakwai. Ta durƙusa ta jera su bibbiyu, ta kifa su, tafin yana kallon sama. Kowane na dama kamar jiya aka saye shi. Kowane na hagu a cinye ta gefen ciki, faci a kan faci.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni ban yi boko ba. Na daman ne suke ba ni tausayi, sababbi ƙal, shi ya sa na kasa zubarwa. Shi ba zai gaya maka ba. Ka tambayi waɗannan."

Kanar ya zagayo. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya daɗe.

"Saje, na wane ne?"

Baba yana iya ɓoye wa hafsa ciwo, amma ba ya iya musun kayansa.

"Nawa ne, yallaɓai."

"Me ya cinye na hagun?"

"Ƙasa ce, yallaɓai."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari a cikin hankici. Kanar bai yi murmushi ba. Ya cire tabarau, ya tsaya daf da Baba.

"Saje, saurara. Ba tambayarka nake ba yanzu, umarni nake ba ka. Za ka cire takalmin nan. Za ka je bangon can ka dawo, yadda kake tashi daga gado da safe kafin ka sha magani, lokacin da ba mai ganinka. An fahimta?"

 

"An fahimta, yallaɓai. Ina neman alfarma ɗaya."

"Faɗi."

"A fitar da yaron."

Na so in nuna cewa ni ne wakilin mai ƙara, kuma ai kullum ina ganin ɗingishinsa a gida. Na dubi Mama don ta goyi bayana. Ta girgiza kai kaɗan. A nan na gane cewa ɗingishin da nake gani a falo ma na fareti ne.

Na zauna a benci a waje da shafi goma sha tara a cinya. Ƙofar katako ce, ba ta da kauri. Daga teburin zuwa bango bai fi taku goma ba. Na ji sautin. An ɗauki lokaci mai tsawo kafin a kai bangon, kuma sau biyu ana tsayawa.

Ba ni da kalmar da zan sa wa wannan. Na duba ƙamus, babu.

Da suka fito, Mama tana ɗaure buhunta, ta ce an mayar da fanshon, kuma kanar ya rubuta a ɗaga matakin nakasar, ya ce tun farko an rage masa. Baba ya sara a bakin ƙofa, ya ratsa farfajiya a miƙe, domin akwai hafsoshi a baranda. Sai da muka fita ƙofar harabar, muka sha kwana bayan katanga, sannan ya tsaya.

"Farfesa. Kawo kafaɗarka."

Na kawo. Ya fi yadda nake zato nauyi. Muka yi taku kamar ashirin a haka.

"Ashe dai," ya ce, "akwai sashen jikinka da ya sami aiki."

Talata, ƙarfe shida na safe

Masu bincike na gaba za su lura cewa an ɗaga matakin, wanda shi ne ainihin abin da wata wasiƙa ta nema tun farko. Na ambata wa Mama wannan. Ta ce in ta sake ji, da buhun za ta amsa mini.

Na tashi kafin kowa. Na ajiye maganin da ruwa a kan kujera daf da gadonsa, inda hannu zai kai ba sai an taka ba, na fito kafin ya farka.

Mai gyaran takalmi ya ce yana buƙatar takarda mai kauri ta yankan ma'auni. Na kai masa shafi goma sha tara. Ya ce takardar tana da kyau.